Danja Mai Ido



Akwai wata baiwar Allah cikin ajinmu na yaƙi da jahilci. 'Yar Jiratawa ce. Tana kawo zogale Maraɗi ran kasuwa, kuma ba ta fashin karatu. Sai wata rana muka ga wurin zamanta ba kowa. Sati ɗaya, sati biyu, har wata uku. Ranar da ta komo, da sanda ta komo.

Na ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Malam, a mararraba ne. Na tsaya da buhu bisa kai, ina jira a ba ni hanya. Mai moto shi wuce, mai adaidaita shi wuce, ba mai tsayawa. Da na gaji sai na ce bari in gwada. Ban kai tsakiya ba anka kaɗe ni. Yaron da ya kaɗe ni shina kuka, ni ina kuka."

Ƙafarta ta karye. Wata uku ba ciniki, ga kuɗin magani, ga jikoki cikin gida. Bayan mun yi mata jaje sai ta ce, "Malam, jikana ya gwada mini cikin salula wai akwai danjar da ke ganin mutane. Gaskiya ne?"

Gaskiya ne. Wannan darasi amsar tambayarta ce. Ka karanta sannu a hankali, domin hanyar nan kai ma kana bin ta.

Yadda garinmu ya cika

Dattawa sun san tsohuwar Maraɗi cikin fadama take, bakin Gulbi. A shekarar 1945 ambaliya ta ci garin, aka tashi aka hawo tudu. Sabon gari an shata shi da igiya. Hanyoyi miƙaƙƙu, wannan ta ratsa waccan. Shi ya sa duk inda ka dosa, kafin ka yi nisa ka tarar da mararraba.

A wancan zamani jaki da raƙumi da keke ne bisa hanya. Yau fa? Ƙidayar 2012 ta samu mutum 267,249 cikin birnin Maraɗi, kuma tun daga lokacin garin bai daina faɗaɗa ba. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Damagaram ta nan take bi. Hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina daga nan take tashi. Mutanen Tibiri suna shigowa da safe su koma da marece. Mutanen Jiratawa suna kawo ganye da kayan lambu. A 2015, lokacin bikin Maraɗi Kwalliya, an shimfiɗa kwalta cikin gari. Hanya ta yi kyau, gudu kuma ya ƙaru. A 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284. Duk kayan da jirgi zai sauke, mota ce za ta kwashe su ta cikin gari.

To ka tsaya bakin babbar kasuwa ran Litinin ko Juma'a ka duba. Ga kamiyo, ga kabu-kabu, ga adaidaita, ga amalanken shanu, ga mai tura kura, ga 'yan lakwal, ga makaho da ɗan jagora. Kowa yana son wucewa, kuma wuri ɗaya ne.

Mararraba rabon ruwa ce

Wanda ya san lambunan Jiratawa ya riga ya san aikin danja. Tun farkon shekarun 1980 aka gyara wannan fili, kimanin hekta 500, ana jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa da inji. Ruwa ɗaya ne, gonaki da yawa. Da kowa zai buɗe bakin gonarsa lokaci guda, ba wanda zai ƙoshi, sai faɗa. Don haka ake yin juyi: yanzu kai, an jima wane.

Mararraba haka take. Abin da ake rabawa a nan ba ruwa ba ne, lokaci ne. Masu zuwa daga gabas su samu nasu, masu zuwa daga kudu su samu nasu, mai tafiya ƙasa ya samu nasa. Danja ita ce mai rabon. Ja, tsaya. Tsanwa, wuce. Ruwan ɗorawa, ja na zuwa, shirya tsayawa. Ba sai ka iya Faransanci ba, ba sai ka iya Turanci ba. A Yamai haka ne, a Kano haka ne, a Makka ma haka ne.

Daga ina ta fito?

Danja ta girmi mota. An kafa ta farko a birnin Landan na ƙasar Ingila cikin watan Disamba 1868, don kekunan doki da masu tafiya ƙasa. Wani injiniyan jirgin ƙasa mai suna Knight ya ƙirƙiro ta. Da iskar gas take ci, ɗan sanda yana juya ta da hannu. Ba ta cika wata guda ba ta fashe, ta ji wa ɗan sandan ciwo, aka cire ta.

Ta lantarki ta bayyana a Amurka. A 1914 aka kafa mai ja da tsanwa a birnin Kilibland. A 1920 wani ɗan sanda na birnin Ditiroyit, sunansa William Potts, ya ƙara launi na uku a tsakiya, don direba ya samu gargaɗi kafin ja. A 1963 birnin Toronto na Kanada ya haɗa danjojinsa da kwamfuta. Daga shekarun 1970 zuwa 1980, a Sidni ta Ostireliya da kuma Ingila, aka yi waɗanda ke canza lokacinsu da kansu bisa yawan motoci. Ka ga ke nan abin ba jiya aka fara shi ba.

Mai agogo da mai ido

Danja iri biyu ce.

Ta farko mai agogo ce. An sa mata lokaci an tafi. Ba ta san ko da mota ko babu ba. Da tsakar dare, ba kowa bisa hanya, za ta tsai da kai. Ran kasuwa, hanya cike, ba za ta ƙara maka ko sakan ɗaya ba.

Ɗauko alli mu yi lissafi, misali ne kawai. A ce juyi ɗaya sakan 60 ne. Hanyar kasuwa ta samu 30, ƙaramar hanyar unguwa ta samu 30. Mota ɗaya tana cin kamar sakan 2 kafin ta bi bayan 'yar'uwarta ta wuce. Cikin sakan 30, mota 15 ke nan. To idan mota 20 ke zuwa ta hanyar kasuwa kowane minti, kowane juyi 5 za su rage. Bayan minti 10, ga mota 50 a layi. Can kuwa hanyar unguwa mota 5 ce kawai. Sun wuce cikin sakan 10, sauran sakan 20 tsanwa tana ci a banza.

Wannan shi ne shayar da gonar da ta riga ta ƙoshi, ta kusa da ita tana bushewa. Kuma ka san abin da ke biyo baya. Wanda ya ga an tsai da shi alhali ba kowa can gefe, gobe ba zai tsaya ba. Daga nan raini ke shiga tsakanin mutane da danja.

Ta biyu mai ido ce. Tana ƙirga abin da ke zuwa, sannan ta raba. A misalinmu sai ta ba hanyar kasuwa sakan 44, mota 22 su wuce, ta bar wa hanyar unguwa sakan 16. Kowa ya wuce, ba wanda aka zalunta. Da marece, in cunkoso ya juya, ita ma ta juya rabon. Wannan shi ne duk wayon da ake faɗi. Ba sihiri ba ne, ba aljani ba ne. Ƙirga ne da rabo.

Da me take gani?

Idonta iri uku ne.

Na ɗaya, waya ce da ake binnewa cikin kwalta, kusa da layin tsayawa. Idan ƙarfe mai yawa ya hau kanta, sai ta ji, ta aika labari. Tana jin mota sosai. Moto wani lokaci tana jin shi, wani lokaci ba ta ji. Mutum da jaki kuwa ba ta san da su ba, don ba ƙarfe ba ne.

Na biyu, kamara ce bisa dogon ƙarfe. Hoton da take ɗauka yana shiga wata 'yar kwamfuta. An koya wa kwamfutar da dubban hotuna, kamar yadda kai ka koyi baƙaƙe: wannan "ba" ne, wannan "ka" ne. Ita kuma an ce mata wannan mota ce, wannan moto ne, wannan mutum ne. Da yawan maimaitawa har ta riƙa ganewa da kanta. Wannan ake kira ƙirƙirarriyar basira.

Na uku, wata na'ura ce da ake kira rada. Tana aika wani sako marar ganuwa, ya bugi abin da ke zuwa ya komo. Da haka take sanin nisansa da gudunsa. Duhu ba ya hana ta aiki, ƙura ma ba ta cika damun ta ba.

Duk labarin nan yana taruwa cikin wani akwatin ƙarfe da ke gefen hanya. Akwatin nan shi ne kan danja. An gina shi yadda ba zai taɓa ba hanyoyi biyu masu karo da juna tsanwa lokaci guda ba. In wani abu ya lalace, sai ya sa fitilar ɗorawa ta riƙa ƙyaftawa, ko ya kashe duka.

Akwai kuma maɓalli don mai tafiya ƙasa. Ka danna, ka jira, motoci su samu ja, kai ka samu hoton mutum mai tsanwa. Wasu suna yin ƙara don makafi su ji. Wasu suna nuna lamba tana raguwa: 9, 8, 7. Kai da ka koyi lamba, wannan naka ne. Da irin wannan maɓalli yana wurin da Inna ta tsaya, da ba ta ce "bari in gwada" ba.

Idan danjoji suna magana da juna

Danja ɗaya mai ido tana gyara mararraba ɗaya. Idan an haɗa da yawa da waya ko da layin salula, sai su gyara hanya sukutum. Ta farko ta ce wa ta biyu, ga mota 20 na sako miki, za su iso cikin rabin minti. Ta biyu ta shirya musu tsanwa. Direban da ke tafiya da gudun da doka ta yarda sai ya tarar da tsanwa bayan tsanwa. Mai gaggawa kuwa ya riga tsanwa isa, ya tarar da ja. Ka ga a nan mai haƙuri shi ke riba. Mai ma yana raguwa, don tsayawa da tashi su ke shan mai.

Motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana ana iya sa musu wata 'yar na'ura. Suna dosowa danja ta ji, ta buɗe musu hanya. Ka tuna mace mai naƙuda da aka ɗauko daga ƙauye. Minti biyar gare ta ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma ɗakin lura, inda ma'aikata ke zaune gaban allon telebijin suna ganin mararrabun gari. In kamiyo ya mutu ya tare hanya, nan take sun gani, su tura 'yan sanda.

An gwada an auna. A birnin Fitsbag na Amurka, a 2012, malaman jami'ar Carnegie Mellon sun sa irin wannan dabara a mararraba 9. Lokacin tafiya ya ragu da kimanin kashi 25 cikin 100, lokacin jira ya ragu da kimanin kashi 40 cikin 100.

Kar ka ce sai ƙasar Turawa. A Kinshasa ta ƙasar Kwango, a 2013, wata injiniya mai suna Thérèse Izay da abokan aikinta sun ƙera mutum-mutumin ƙarfe wanda ya fi mutum tsawo. Suka kafa shi tsakiyar hanya. Da hasken rana yake aiki, yana da kamara, yana ɗaga hannu yana ba da ja da tsanwa. 'Yan ƙasa ne suka dubi hanyarsu suka yi abin da ya dace da ita.

Abin da zai iya kashe ta a nan

Abin da ya yi aiki a Amurka ba dole ne ya yi aiki a Sabon Gari ko Zariya ta Maraɗi ba. Akwai abubuwa huɗu da ya kamata mu sani tun kafin a kashe kuɗi.

Na farko kuran. Danjar da ba wuta, ƙarfe ne kawai tsaye. Wani kaso na lantarkin yankinmu daga Najeriya yake zuwa. Kowa ya tuna watan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har zuwa watan Maris 2024. Maganin wannan shi ne pano da batir. Allah ya hore mana rana. Kuma ƙananan ƙwayayen fitila na zamani suna cin kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da tsohon ƙwai ke ci.

Na biyu ƙura da zafi. Lokacin hunturu ƙura tana rufe idon kamara, tana rufe fuskar pano. Kamarar da ba a goge ba, makauniya ce. Zafin watan Afirilu kuma, da ke wuce digiri 40, yana rage wa batir kwana. Ruwan damina yana kawo rairayi bisa kwalta, ya rufe layin tsayawa, har direba bai san inda zai tsaya ba. Kwaltar da ta farfashe tana tsinka wayar da aka binne.

Na uku gyara. Mu mun san labarin famfon ƙauye. Ranar buɗewa ana kiɗa, ana jawabi. Bayan shekara biyu wani ɗan ƙarfe ya lalace, ba mai gyara, ba kayan gyara, mata suka koma tsohuwar rijiya. Danja ma haka. Sayen ta rana ɗaya ne, riƙon ta kullum ne. In mai gyaran sai ya taso daga wata ƙasa, to ta mutu ke nan. Muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a nan Maraɗi, muna da makarantun koyon sana'a, muna da samari masu gyaran salula da pano cikin kasuwa. A koya musu tun ranar kafawa.

Na huɗu, shi ne ya fi muhimmanci. Wa take ƙirgawa? Na'ura ba ta san abin da ba a koya mata ba. In an koya mata da hotunan garin da ba jaki, ba amalanke, ba mai tura kura, to a idonta babu su. In babu su a idonta, babu su cikin rabo. Za ta ba da tsanwa daidai gudun mota, ta ɗauke tun amalanke yana tsakiya. Za ta ƙirga mota 5 ta manta moto 30. Za ta ba mai tsallakawa lokacin saurayi, alhali tsohuwa ce da kaya bisa kai. Rabon da aka yi ba a ƙirga ka ba, ba rabon gaskiya ba ne. Saboda haka kafin a kafa komi, sai an zauna bakin mararrabunmu an ƙirga abin da ke bi, safe da marece, ran kasuwa da ran Juma'a bayan masallaci, rani da damina.

Kuma ba kowace mararraba ke son danja ba. Wata shatale-tale ya ishe ta. Wata tudun rage gudu take so, kamar bakin lakwal. Wata fitilar dare kawai ta rasa. Ba a sayen raƙumi don ɗaukar tiya ɗaya.

Kamara da tara

Kamarar da ke ƙirga mota tana iya karanta lambarta. A Legas ana yin haka: kamara ta ɗauki lambar mai laifi, saƙon tara ya same shi cikin salula. Amfanin wannan a fili yake. Kamara ba ta da ɗan'uwa, ba ta san Alhaji ba, ba ta karɓar na goro. Amma sai in moto da mota suna da lamba, kuma takardunsu suna da sunan mai su na yanzu. In ka sayar da moto ba a canza takarda ba, laifin wani zai zo ƙofar gidanka.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a yi. Hotunan nan wa ke ganin su? Kwana nawa ake ajiye su? In na'ura ta yi kuskure, ina talaka zai kai kuka? Kuɗin tara ina suke shiga? Wannan duk sai an rubuta shi a fili, da Hausa, an karanta a rediyo. Kai kuma da ka iya karatu yanzu, kar ka biya tara ba takarda. Karɓi takardar, karanta lambar da ke ciki, ka adana.

Abin da na'ura ba ta iyawa

Danja tana da ido, tana da lissafi. Abu ɗaya ne ba ta da shi: ƙafar taka birki. Wannan taka ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kimanin miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara. Fiye da rabinsu masu tafiya ƙasa ne da masu keke da masu moto. In an auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara, alhali ita ce mai ƙarancin motoci. Kuma tsakanin shekara 5 zuwa 29, ba abin da ya kai haɗarin hanya kisa. 'Ya'yanmu ke nan da ƙannenmu.

Ga wani lissafi. Mai gudun kilomita 50 a awa yana cin mita 14 cikin sakan ɗaya. Kafin idonsa ya gani, ƙafarsa ta kai birki, sakan ɗaya ya wuce. Kafin motar ta tsaya cak, ta ci kusan mita 28, in kwalta na da kyau kuma birki na da kyau. Mai gudun kilomita 30 kuwa kimanin mita 13 ya ishe shi. Tsakanin 13 da 28 akwai ran mutum.

Na taɓa hawa bayan wani ɗan kabu-kabu. Muka doshi mararraba, na ga bai da niyyar sassautawa. Na ce, "Ƙanena, yi sannu." Ya ce, "Malam, in na tsaya wani ya ɗauke mini fasinja." Na ce, "In ka faɗi fa, wa zai ɗauke maka iyali?" Ya yi shiru, ya rage gudu. Ban ga laifinsa duka ba. Moton ba nasa ba ne, da marece sai ya kai wa mai shi kuɗi. Amma sakan 30 na jira bai taɓa hana kowa tuwon dare ba. Karaya tana hanawa wata uku.

To ga abin da ke hannunka tun yau, ko da danja ko babu.

In ka ga ja, tsaya bayan layi, ko da ba ɗan sanda, ko da tsakar dare.

In ka ga ɗorawa, ba cewa aka yi ƙara wuta ba. Shirya tsayawa.

In ka ga tsanwa, dubi hagu da dama tukuna. Wataƙila wani bai gama tsallakawa ba.

In danja ta mutu ko tana ƙyafta ɗorawa, rage gudu. Inda ba wata alama, wanda ya fito ta hannun damanka shi ke da hanya. In ɗan sanda yana tsaye yana ba da hannu, hannunsa ake bi, ba danja ba.

In kana bisa moto, sa hular kwano, ka ɗaure igiyarta.

In kana ƙasa, tsallaka inda aka shata, riƙe hannun yaro, kar ka fito ta bayan kamiyon da ke tsaye.

In kana da amalanke, liƙa masa abu mai ƙyalli a baya don dare.

In ka ga yaro yana jifar danja, ko wani yana kwance pano da batir, kar ka ce ba ruwanka. Da kuɗin harajinka aka saye su.

Bakinka ma yana da aiki

Kuɗin da ma'aikatar magajin gari ke kashewa, na jama'a ne: harajin kasuwa, na tasha, na kabu-kabu. Duk ranar da ka ji ana maganar kawo danjar zamani garinmu, ka je taron unguwa, ko ka faɗa wa mai unguwa, ko ka kira rediyo. Kar ka tambayi ko daga wace ƙasa ta zo. Tambayi waɗannan: Tana ganin mai tafiya ƙasa da mai amalanke? In an ɗauke kuran tana ci gaba da aiki? Wa zai goge ta, wa zai gyara ta, kuma an ware kuɗin gyaran? An shawarci 'yan kabu-kabu da direbobi da mata 'yan kasuwa da makafi?

Da na gama yi wa Inna wannan bayani cikin aji, sai ta yi dariya ta ce, "Ashe dai juyin ruwa ne, Malam. Mu can wanda ya saci ruwan wani, kowa ya san shi." Na ce haka ne, Inna. Wanda ya ƙetare ja, lokacin wani ya sata. Wani lokaci ƙafar wani, wani lokaci ran wani.

Har yanzu tana kawo zogalenta. Amma in ta zo mararrabar nan, sai ta jira wani yaro ya kama mata hannu.

Allah ya kiyaye mu bisa hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.

Mu tattauna cikin aji

1. Mene ne bambancin danja mai agogo da danja mai ido?

2. In mota ɗaya tana cin sakan 2, mota nawa za su wuce cikin sakan 40?

3. Wace mararraba ce ta fi ba ka tsoro a garinku? Me ya sa? Me kake gani ya dace da ita?

4. Ku fita mutum biyu-biyu ran kasuwa. Ku tsaya nesa da kwalta, minti 10. Ku ƙirga mota, moto, adaidaita, amalanke da masu tafiya ƙasa. Ku rubuta cikin littafi, ku kawo aji.

5. Ku haɗu ku rubuta wa magajin gari wasiƙa gajera bisa abin da kuka ƙirga.